Bangon da Zarfa Ta Yaba

Daga ƙofar gidan Ayyashi zuwa ƙofar Hammam, wurin wankan ruwan zafi, taku ɗari shida da goma sha biyu ne idan hanya a bushe take. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan takun safe da yamma, da makullai uku a aljihun kashabiyarsa, doguwar rigarsa ta ulu, da burushi mai dogon hannu a kafaɗa. Ubansa makiyayin tumaki ne a kan dutsen Awras, kuma har ya rasu bai gane yadda ɗa mai ƙafafu biyu lafiyayyu zai zaɓi gadin ruwan zafi ba. Shi kuwa Ayyashi tun ranar da aka miƙa masa makullan, yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya ɗauki wurin tamkar da hannunsa ya gina, ba Rumawa ba.

Tafki biyu ne, babu rufi a kansu, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya zagayayye. Zagayayyen shi ne abin alfaharinsa. Duk wanda ya tsaya kusa da shi na minti ɗaya sai ya ji lissafin: faɗi taku goma sha ɗaya, matakala biyar, ginshiƙai tara a tsaye, uku a kwance, ruwa yana fitowa daga cikin dutse da zafin digiri saba'in, ya bi magudana taku tamanin, ya iso tafki ya huce zuwa arba'in da biyu. Ya iya faɗin wannan da harshe huɗu, biyu daga ciki bai san komai a cikinsu ba sai wannan ɗin.

Wankan maza ne, kowa ya sani. Amma motocin 'yan yawon buɗe ido suna zuwa, kuma rabin mutanen cikinsu mata ne. Ayyashi ne ya samo dabara tun shekararsa ta uku a aiki. Akwai wata tsohuwar tasa ta tagulla a rataye bayan ƙofa. Idan mota ta tsaya, sai ya buga ta sau uku da makulli, ya ɗaga murya:

"Baƙi mata! Kowa ya nutse zuwa wuya, wanda ke waje ya ɗaura tawul!"

Nan take wurin zai kaure, da masu ce masa Si, wato malam, da masu ce masa Ammi, wato baffa.

"Haba Si Ayyashi, sabulu na cikin idona!"

"Ammi Ayyashi, bar su su kalla mana, wataƙila ɗaya ta tafi da ni Faransa."

"Da wannan tumbin? Jirgin ba zai tashi ba."

Mai wannan amsar kullum Sasi ne, mai cuɗa da tausa, wanda suka fara aiki shekara guda da Ayyashi. Mai tumbin kuwa Hashimi mahauci ne, mutumin da bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Minti goma ake ba baƙin. Su shigo, su riƙe baki, su ɗauki hoto, Ayyashi ya zuba musu lissafinsa, su fita, ya sake buga tasa sau ɗaya, kawuna su ɗago daga ruwa. Ba ya rubutawa, amma ya san adadinsu. Mata dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in ne suka tsaya a bakin tafkin nan ta hannunsa, daga ƙasashe ashirin da shida.

Matarsa Zarfa ba ta cikinsu.

Wankan matan gari yana bayan bango, ɗakin siminti mai ƙwan lantarki biyu, babu taga, ruwan yana zuwa ta bututu. Ruwa ɗaya ne da na maza, daga ido ɗaya. Kowace Alhamis Zarfa takan je da bokitinta da lallenta, ta zauna ta jingina da bangon nan mai kaurin kamu biyu. Idan ta ji tasa ta yi ƙara sau uku, sai matan su zungure ta.

"Mijinki ya yi baƙi."

Ita kuma ta ce, "Allah ya sa kada ya manta ginshiƙai ukun da ke kwance."

Mako biyu da aurensu ta fara tambaya. Tana durƙushe gaban kasko tana juya gurasar kasra, shi yana ba ta labarin matakala biyar karo na ba adadi.

"Kai ɗan mutane, yaushe za ka kai ni in ga wannan tafkin naka?"

Ya yi dariya, ya gutsuri gurasa da zafinta.

"Wata rana, 'yar mutane."

Ba ƙarya ya yi mata ba, har zuciyarsa yana nufin wata ranar. Sai dai a garin nan namiji ba ya ambatar sunan matarsa a gaban maza. Sai dai ya ce gida. Gida ba ta jin daɗi, gida ta tafi biki. Baturiya ta zo ta kalli tafki ta wuce, gobe babu wanda zai tuna fuskarta. Amma a ce Ayyashi ya riƙo gidansa ya shigo da ita inda mazan unguwa suke tuɓewa? Yana tunanin abin da Hashimi zai yi da wannan labari a kasuwa, sai ya fasa.

Kuma akwai hanya, abin da ya fi ciwo ke nan. Talatar farko ta kowane wata ba a wanka da safe. Bayan asuba Ayyashi yakan cire toshiyar magudana, ruwa ya tsiyaye, shi da Sasi su shiga da burushi su kankare gansakuka da sabulun wata guda, su tsince reza da murafen kwalabe. Ƙarfe takwas a mayar da toshiya. Awa huɗu tafkin ke ɗauka ya cika. Daga cikarsa zuwa kiran azahar, lokacin da ake buɗe ƙofa, minti arba'in ne. Sasi yakan tafi shan gahawa. A minti arba'in ɗin nan tafkin a cike yake, tsaf, babu ƙafar da ta taɓa shi, ana hango kowane dutse na ƙasansa. Ayyashi kaɗai ke ganinsa haka. Matsalar guda ce: ƙofar ɗaya ce, kuma tun ƙarfe sha ɗaya maza suke jeruwa a gabanta da tawul a wuya, kowa na son ya riga shiga sabon ruwa. Duk wadda za ta shiga, ta tsakiyarsu za ta bi.

Don haka kowace Talatar farko sai ya dawo gida hannunsa ya yi fari ya yamutse, ya zauna ya kwatanta mata. Ita kuma ta zuba masa gahawa da madara ta saurara. A shekarun farko tana tambaya duk wata. Bayan haihuwar 'yarsu Nuwara ta koma tambaya sau ɗaya a shekara. Daga baya ta daina, sai dai ta ce, "Yau ma ya cika?" ya ce, "Ya cika." Shekara talatin da takwas, wata goma sha biyu-biyu, Talata ɗari huɗu da hamsin da shida ke nan.

Ciwon suga ya shige ta a hankali, ya fara da ƙafa, ya hau ido. A ƙarshen watan Satumba Nuwara, wadda ke aure a birni, ta kai ta wurin likitan ido. Da suka dawo ta bar uwar, wadda take kira Yemma, a ɗaki, ta sami uban a tsakar gida ƙarƙashin ɓaure yana gyara hannun burushi.

"Baba, likita ya ce na hagu ya riga ya tafi."

"Na dama fa?"

"Ya ce in ya kai ƙarshen hunturu a gode wa Allah." Ta share hanci da gefen ɗankwali. "A mota na tambaye ta ko akwai inda take so in kai ta, ko teku, tunda ba ta taɓa gani ba. Ka san abin da Yemma ta ce? Ta ce ita teku ba ta dame ta ba, tafkin ubanki dai."

Ayyashi ya ajiye burushi, ya buɗe yatsu. Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris. Talata shida. Ya ji ɗan sanyi a ransa, don shida ba kaɗan ba ne ga mutumin da ɗaya kawai yake buƙata.

Da yamma ya ce mata, idonsa a cikin kofi, "Talata mai zuwa ki shirya. Sha biyu zan zo."

Washegari ya ga ta ciro farin mayafinta daga ƙasan akwati ta shanya, tana goge azurfar da ake maƙale shi da ita da toka.

Talatar Oktoba komai ya tafi daidai. Sha biyu saura kwata ruwa ya taɓa matakalar sama. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya kulle, ya juyo, sai ga mutum ashirin da uku a jere, Hashimi na biyu a layi.

"A'a, Si Ayyashi, ina zuwa da wannan saurin? Ko gida ce ta kira?"

Aka bushe da dariya. Wasa ne irin na kullum, babu wanda ya san komai. Amma ƙafar Ayyashi ta ƙi miƙe hanya. Ya karkata zuwa shagon tsallaken titi, ya sayi ashana, alhali ba ya shan taba, ya dawo ya buɗe musu ƙofa tun kafin a kira salla. Da la'asar ya tarar da ita zaune a bakin gado cikin farin mayafi, takalmi a ƙafa.

"Magudana ce ta toshe," ya ce.

"Allah ya kyauta," ta ce, ta fara cire azurfar.

Saura biyar.

Kafin Talatar Nuwamba aka kwana uku ana ruwa a kan dutse, laka ta sami hanyar shiga magudana. Tafkin ya cika da ruwa mai launin gahawa da madara, ko matakala ta biyu ba a hangowa. Wannan karon ya je gida da sha biyu, kamar yadda ya yi alkawari, amma ba don ya ɗauke ta ba.

"Cire mayafin, 'yar mutane. Yau kunun laka ne. Shekara talatin da takwas kina jira, ba zan nuna miki wannan ba."

"Ko lakar ce ka kai ni in gani."

"Sam. Ki ga shi haka ki ce duk ƙarya nake yi miki?"

"Yaushe na taɓa ce maka maƙaryaci?"

"Wata mai zuwa. Kafin nan ya kwanta."

Ta ɗaga kai ta dube shi da idon daman, ta ɗan karkatar da fuska kamar yadda ta koma yi. Ta daɗe tana kallonsa. A lokacin ya ɗauka fushi ne.

Saura huɗu.

Talatar Disamba ruwan ya dawo garau. Suna cikin tafkin da asuba, shi da Sasi, kowa da burushinsa, sai Sasi ya matso ya rage murya.

"Si Ayyashi, gidana ta ji wata magana daga Nuwara. Ka je ka kawo ta yau. Ni zan kwashe 'yan layin nan in kai su shan gahawa, in ce na yi jika."

Burushin Ayyashi ya tsaya.

"Wa ya sa bakinka a maganar gidana?"

"Kai, shekara arba'in da ɗaya ina cuɗa maka baya kyauta, yau ne zan zama baƙo?"

"Wato har ta bi ta bakin mata ta iso wurin maza. Gobe sai kasuwa."

"Babu wanda ya sani sai ni, tsohon banza. Ido ne fa, ba ya jiran girman kanka."

"Kama aikinka, Sasi."

Ba su sake magana ba har aka mayar da toshiya. Sha biyu ta yi, tafkin ya cika kamar madubi, Ayyashi ya zauna a kan ginshiƙin da ke kwance yana huci, yana kallon agogo yana cin minti arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya wa kansa cewa ai gara ma haka. Janairu dusar ƙanƙara ke sauka, kuma duk shekara babu lokacin da tafkin ya kai wannan kyau, tururi na tashi har ya wuce kan ginshiƙai. In za ta gani sau ɗaya, ta ga mafi kyau. A gida ya ce mata haka. Ta ce to.

Saura uku, kuma ya ga alamar da sauran lokaci. Tana girkinta, tana shararta, tana zuba masa gahawa ko ɗigo ba ya zuba. Abu ɗaya ya lura da shi a makonnin nan: idan za ta ratsa tsakar gida leɓenta na motsi.

"Me kike ƙirgawa?"

"Taku. Daga ɗaki zuwa madafa sha huɗu."

Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ashe cutar tawa ana ɗauka!"

"Ana ɗauka," ta ce.

Ranar Litinin ta farkon Janairu ƙanƙara ta fara sauka da la'asar. Talata gari ya waye fari fat. Ayyashi ya kankare tafki kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Sha biyu saura kwata ya fito, bai kalli layi ba, ya miƙe gida. Tana zaune a shirye, karo na huɗu.

"Tashi."

A ƙofar gida ta kama hannun kashabiyarsa da hannu biyu.

"Santsi," ta ce.

Tunda suka yi aure ba su taɓa tafiya a titi kafaɗa da kafaɗa ba, kullum yana gaba da taku uku. Taku ɗari shida da goma sha biyun nan suka zama kusan dubu. Da suka karya kwanar ƙarshe ya hango su, mutum talatin da ɗaya, suna bubbuga ƙafa saboda sanyi, suna ta hayaniya. Bai tsaya ba, don in ya tsaya ya san ba zai ƙara taku ba.

Hayaniyar ta mutu daga ƙarshen layi zuwa farkonsa. Na farko ya juya fuskarsa ga bango, na kusa da shi ya bi, haka har gaba ɗaya. Waɗanda suka saƙala tawul a wuya suka cusa shi cikin riga. Hashimi mahauci ya ja da baya har cikin ƙanƙara don ya ba da hanya, idonsa a ƙasa, ya gaishe ta da Khalti, wato inna.

"Sannu da zuwa, Khalti. Allah ya ba da lafiya."

"Amin, ɗana. Hashimi ne ko? Naman da ka ba mu ran Juma'a rabinsa ƙashi ne."

"Na tuba, Khalti."

Shi ke nan. Taku goma sha ɗaya suka wuce layin. Abin da ya ji tsoronsa shekara talatin da takwas bai wuce taku goma sha ɗaya ba, kuma ko tari babu wanda ya yi.

Suka shiga. Ayyashi kansa sai da ya tsaya. Ƙanƙara ta ɗora wa kowane ginshiƙi farar hula, rana ta ɗan leƙo ta tsakanin gajimare, tururi na tashi a hankali yana buɗewa yana rufewa, ta ƙarƙashinsa ana ganin duwatsun ƙasa ɗaya-ɗaya. Bai taɓa ganinsa haka ba. Ya ce a ransa, ka gani, jiran bai tafi a banza ba. Ya zare hannunta daga rigarsa don ya kulle ƙofa, makullin ya yi gardama saboda sanyi, ya ɗan ɗauki lokaci. Yana cikin haka ya ji muryarta.

"Masha Allah. Ashe gaskiyarka ne, ɗan mutane. Kai, da kyau!"

Ya juyo da murmushi.

Tana tsaye ta ba tafkin baya. Fuskarta na kallon bangon gefen ƙofa, bangon siminti mai ƙusoshi goma sha huɗu inda maza ke rataye wanduna, da tabon hannuwa, da wata tsohuwar sanarwa da ta kode. Ta ɗaga kai tana gyaɗawa, tana murmushi.

Makullai suka faɗi daga hannunsa. Ta ji ƙararsu, ta ji daga inda numfashinsa ke zuwa, murmushin ya tafi a hankali.

"Ba nan ba ne, ko?"

Ya sunkuya ya ɗauki makullan.

"Ɗumin ne ya ruɗe ni. Na ji shi ta ko'ina."

"Tun yaushe, Zarfa?"

Rabon da ya kira sunanta har ya manta.

"Kwana huɗu bayan Talatar Disamba. Ranar Asabar, ina tankaɗe. Ina ganin rariya, sai na daina gani."

Kwana huɗu. Ba ya so, amma kansa ya yi lissafin da kansa: Oktoba tana gani, Nuwamba tana gani, Disamba tana gani, yana zaune a kan ginshiƙi yana fushi da Sasi.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka ce me makauniya za ta je gani? Ka samu dalili na huɗu?" Ta miƙo hannu cikin iska. "Zo ka juya ni. Minti nawa suka rage?"

"Talatin da ɗaya."

"To kada ka ɓata su. Ina tasar?"

"Babu kowa a ciki ai."

"Na sani. Kowace mace an buga mata, ni ma a buga min."

Ya ciro tasar daga bayan ƙofa. Bugun farko bai fito ba, ya sake. Sau uku ƙarar ta zaga ginshiƙai ta dawo. Ya kama kafaɗunta ya juyar da ita, ya kai ta bakin ruwa, ya gyara murya kamar gaban motar baƙi.

"Wannan tafki Rumawa suka gina shi. Faɗinsa taku..."

"Goma sha ɗaya."

"Ginshiƙai tara a tsaye..."

"Uku a kwance. Kai ni wurin na kwancen."

Ya kai ta. Ta share ƙanƙarar da tafin hannu, ta bi sassaƙar da yatsu daga wannan kai zuwa wancan. Suka zagaye tafkin sau ɗaya tana ƙirgawa, ta samu talatin da takwas, ta ce talatin da biyar ɗin da shi yake faɗa na masu dogayen ƙafafu ne. Sannan ta cire takalmi da safa, ta zauna a bakin, ta zura ƙafa kan matakala ta farko, ta biyu. Ta ja numfashi.

"Dutsen nan ya lotsa a tsakiya. Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Sawun mutane ne. Shekara kusan dubu biyu suna takawa."

"Daidai ƙafata." Ta motsa yatsunta cikin ruwan. "Ka faɗa min faɗinsa, ka faɗa min zurfinsa, ka faɗa min zafinsa. Abu ɗaya ne ba ka taɓa faɗa ba, ni ma da gangan ban tambaya ba. Na ce wannan in bar wa kaina, ranar da na zo in gani. Wane launi ne ruwan?"

Ayyashi ya duba. Ya buɗe baki.

"Kore ne. A'a, a gefe ne kore. Tsakiyar shuɗi... ba shuɗi sosai ba. Kamar kwalba. Ba kwalba ba, kamar..."

"Shekara arba'in da ɗaya kana kallonsa, ɗan mutane, ba ka sani ba?"

Dariya ta yi, ƙaramar dariyarta ta cikin hanci. Shi kuwa ya durƙusa kusa da ita a kan ƙanƙara, ya cusa fuska cikin hannun kashabiya, kafaɗunsa na girgiza. Ta laluba ta samu kansa, ta taɓa kumatunsa.

"Tururi ne," ya ce.

"Na sani. Ni ma ya shiga min ido."

Aka kira azahar suna nan. A waje Sasi ya tsaya ya tokare ƙofa da bayansa, kuma awa guda cur mutum talatin da ɗaya suka yi cikin ƙanƙara babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Talatar Fabrairu Sasi ya zo da matarsa, bai nemi izinin kowa ba. Ta Maris Hashimi ya kawo tasa da 'ya'yansa mata biyu, yana ta zare ido ko wani zai yi magana, babu wanda ya yi. Zuwa yau matan gari arba'in da bakwai sun shiga a minti arba'in ɗin nan. Ayyashi ne ke buɗe musu, amma Sasi ke yi musu bayani, yana kuskuren ginshiƙai, Ayyashi na ji ba ya gyarawa. Tasar ma yanzu Sasi ke bugawa.

Zarfa ba ta koma ba. Ya yi mata tayi sau uku, duk amsa ɗaya take ba shi, ba da fushi ba: "Ai na je." Ranar Alhamis yakan riƙo ta har ƙofar wankan mata, hannunta a hannun rigarsa, ta tsakiyar kasuwa, ya miƙa ta ga matar Sasi. Ranar Talatar farko in ya dawo takan zuba masa gahawa, yatsanta ɗaya a bakin kofi, ta ce, "Yau ma ya cika?" ya ce, "Ya cika."

Aikin wanke tafki ya ƙaru da rabin awa. Idan sun gama kankare matakala an mayar da toshiya, Ayyashi yakan ɗebi ruwa a bokiti ya nufi bangon gefen ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya burushi bai taɓa hawa bangon nan ba. Yanzu yana wanke shi daga sama har ƙasa, ya bi tsakanin ƙusoshi goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauraye. Ya cire tsohuwar sanarwar, ya shafa farar ƙasa sau biyu. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa tambayar Sasi ko tsohon ya fara ruɗewa ne, wa zai kalli bangon rataye wando ga tafkin Rumawa a bayansa. Sasi ya ce masa ya kama aikinsa.